Sanin Harshe da Iya Magana: Yadda Yara da Manya ke Koyon Dabarun Zance da Hausa a Kafancan da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a Kafancan, ko da na mako guda ne, ya san cewa Hausa ce ke haɗa mazauna garin a kasuwa da tashar mota da asibiti da wuraren ibada, alhali kuwa ga da yawa daga cikinsu ba ita ce harshen iyaye da kakanni ba. Idan masana suka waiwayi irin wannan Hausa ta masu harshe na biyu, abin da suka fi mayar da hankali a kai shi ne wuraren da ta kauce wa daidaitacciyar Hausa: an ce "kofa" maimakon "ƙofa", an ce "yarinya ya zo", an gajarce dogon wasali. Duk waɗannan gaskiya ne, kuma sun cancanci nazari. Sai dai da wuya a ga ciniki ya ɓaci ko suruka ta yi fushi saboda an sauya ƙ da k. Abin da ke ɓata zance shi ne a faɗo wa mutum da tambaya ba gaisuwa, ko a kira dattijo da sunansa kai tsaye, ko a kira wata al'umma da sunan da ta ƙi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa iya magana wani fanni ne na ilimin harshe mai ƙa'idojinsa, daban da sanin nahawu, kuma ana gina shi ne ta hanyoyi sanannu waɗanda za a iya bayyanawa, a kuma koyar. Za mu duba wasu daga cikin waɗannan ƙa'idoji kamar yadda suke aiki a Kafancan da garuruwan da ke kewaye da ita, sa'an nan mu duba yadda yaro ke samun su da yadda babba ke samun su. Misalan zance da aka kawo an tsara su ne bisa tsarin da aka saba ji, don fito da ƙa'idar da ake magana a kanta.

2.0 Kafancan da Harsunanta

Garin Kafancan na cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna. Mutanen da suka fara zama a wurin su ne Fantswam, waɗanda harshensu ke cikin rukuni guda da Tyap na Atyap da Gworok na Kagoro da Sholio na Marwa da Takad na Attakar. Kusa da su akwai Bajju masu magana da Jju a wajejen Zonkwa, da Ham masu magana da Hyam a Kwoi, da Gwong na Kagoma, da Nikyob na Kaninkon, da Ninzo, da wasu da dama. Waɗannan harsuna duk na reshen Filato ne a cikin dangin Binuwai-Kwango, wato ba su haɗa asali da Hausa ba, wadda take ta dangin Cadi.

Hausa ta shigo yankin ne ta ƙofofi uku. Ta farko ita ce fatauci da sarauta: zangon fatake irin na Zangon Kataf, da masarautar Jama'a wadda ke ƙarƙashin Zazzau a ƙarni na 19. Ta biyu ita ce hanyar jirgin ƙasa. A wajejen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna da na Jos a Kafancan, sai garin ya cika da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa, Ibo da Yarbawa da Hausawa da sauransu, har fadar Sarkin Jama'a ta komo cikinsa a 1933. Ko da yake harkar jirgin ta ja da baya, cakuɗuwar da ta haifar tana nan. Ƙofa ta uku, wadda masu nazarin Hausa suka fi mantawa da ita, ita ce majami'a. 'Yan mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya suka kafa a Kagoro, kuma Hausa suka zaɓa ta zama harshen wa'azi da karatu. Bayan da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, dubban mutanen da ba su taɓa zama da Bahaushe ba sun koyi karatu da addu'a da waƙa da Hausa. Ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954, ta gaji wannan tsari.

Sakamakon haka shi ne Hausar yankin ta sami kamanninta. Harsunan Filato ba su rarrabe jinsin namiji da tamace a nahawu, don haka ake jin "mata ya ce" ko "motan Baba". Ya kamata a tuna, kafin a ɗora laifin duka a kan masu koyo, cewa a karin harshen Zazzau kansa an daɗe da lura da amfani da -n a inda Bakano zai sa -r, kuma Zazzau ce maƙwabciyar Hausa mafi kusa da wannan yanki.

3.0 Sanin Harshe Daban, Iya Magana Daban

Chomsky (1965) ya taƙaita aikin mai nazarin harshe ga ilimin da ke cikin ƙwaƙwalwar mai magana, wanda ke ba shi damar gina jumla daidai. Hymes (1972) ya ƙalubalanci wannan ra'ayi da cewa yaron da ya iya gina kowace irin jumla amma bai san lokacin magana da lokacin shiru ba, ko abin da ake faɗa wa wa, a ina, ta wace hanya, ba za a ce ya iya harshen ba. Bahaushe ya riga ya yi wannan rarrabewa a cikin maganarsa ta yau da kullum. Idan ya ce "wane yana jin Hausa", batun kalmomi da jumla yake yi. Idan kuwa ya ce "wane bai iya magana ba", ko da wanen haifaffen Kano ne, to batun hali yake yi. Daga cikin siffofi goma na mutumin kirki da Kirk-Greene (1974) ya lissafa, aƙalla huɗu, wato kunya da ladabi da hankali da mutunci, a bakin mutum ake fara ganin su.

3.1 Gaisuwa

Dubi waɗannan hanyoyi biyu na tambayar hanya a bakin kasuwar Kafancan:

(1) a. Ina hanyar da za ta kai ni Kagoro?
b. Sannu Mama, ina wuni? Yaya kasuwa? Don Allah, hanyan Kagoro fa?

Jumla ta (1a) ba ta da aibi ko ɗaya a nahawu. Ta (1b) tana da abin da malamin jarrabawa zai ja wa jan layi, domin "hanya" tamace ce. Amma mai (1b) ne za a raka har bakin titi, mai (1a) kuwa zai iya cin karo da "Ba ka iya gaisuwa ba ne?" Wannan shi ne tushen duk abin da ke tafe.

Gaisuwar Hausa jerin tambayoyi ne masu amsoshi tsayayyu, kuma dole mai koyo ya riƙe su bibbiyu, tambaya da amsarta:

(2) Ina kwana? Lafiya lau.
Ina gajiya? Ba gajiya.
Ina aiki? Aiki da godiya.
Ina labari? Sai alheri.
Yaya sanyi? Lokacinsa ne.
Yaya jiki? Da sauƙi.

Ba neman labari ake yi da waɗannan tambayoyi ba. Malinowski (1923) ya bayyana irin wannan magana a matsayin wadda aikinta shi ne ƙulla zumunci kawai. Wanda ya kwana yana jinya zai ce "lafiya lau" tukuna, sai an gama gaisuwa, an ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce "sai dai yaron nan ne bai ji daɗi ba jiya". Mai koyo da ya amsa "Ina gajiya?" da "Na gaji ƙwarai" bai yi ƙarya ba, amma ya karya tsari, kuma za a yi masa dariya. Haka kuma akwai ƙa'idar wanda ke farawa: ƙarami ne ke zuwa ya gaida babba, ya rusuna ko ya durƙusa, babba kuma shi ke da ikon tsawaita gaisuwar ko yanke ta da "To madalla".

Abin da ya bambanta Kafancan da Katsina a nan shi ne batun zaɓen mabuɗin gaisuwa. A garin da kusan kowa Musulmi ne, sallama ta wadatar. A Kafancan kuwa suna ba ya nuna addini: Musa da Yakubu da Ishaku da Ayuba da Haruna, haka ma Ladi da Asabe da Talatu da Ɗanjuma, ana samun su a masallaci, ana samun su a majami'a. Saboda haka mai hankali yakan buɗe da "sannu" ko "barka", waɗanda ba su jingina ga kowane ɓangare ba, har sai ya fahimci wanda ke gabansa. Yaron da ya tashi a garin yana yin wannan lissafi ba tare da ya san yana yi ba. Baƙo daga Kano, duk da cewa harshensa ne, sai ya koya.

3.2 Sassauta Umarni da Roƙo

A nan ne nahawu da ladabi suka fi cuɗanya. Dubi matakan da ke tafe:

(3) a. Ba ni ruwa.
b. Ka ba ni ruwa.
c. Ɗan ba ni ruwa mana.
d. Don Allah a ɗan ba ni ruwa.
e. Ko za a ɗan taimaka mini da ruwa?

Buƙata guda ce, amma daga (3a) zuwa (3e) nauyin da aka ɗora wa mai sauraro yana raguwa. Kayan aikin su ne "ɗan" mai ƙanƙanta buƙata, da "mana" mai lallashi, da wakilin suna "a" wanda ke kauce wa nuna mutum da baki, da kuma mayar da umarni tambaya. Brown da Levinson (1987) sun nuna cewa harsuna da yawa na amfani da dabaru makamantan waɗannan don kare mutuncin wanda ake roƙo. Wakilin suna "a" yana da wata fa'ida ta musamman ga mai koyo a kudancin Kaduna: wanda ya ce "An wuni lafiya?" ko "A shigo mana" ya tsira daga zaɓi tsakanin "ka" da "ki", wanda shi ne tarkon da ya fi kama shi, ya kuma ƙara da ladabi a kai. A ganina, da malaman Hausa za su fara koyar da wannan siga tun a darasi na farko, da sun rage wa ɗalibansu kunya mai yawa.

Ƙin amincewa ma yana da nasa sutura. A ciniki ba a cewa "a'a":

(4) Mai saye: Mama, nawa ne mudun acca?
Mai sayarwa: Dubu uku.
Mai saye: Dubu biyu fa?
Mai sayarwa: Albarka.
Mai saye: To, na ƙara ɗari biyar.
Mai sayarwa: Kawo kuɗi.
Mai saye: A yi mini gyara.

Wanda ya koyi kalmar "albarka" a wurin ibada kawai zai ɗauka an sallama masa, alhali an ƙi tayinsa ne cikin mutunci. Haka "sai mu gani", da "bari in yi shawara", da "ina zuwa" na mutumin da ya juya baya ya tafi, duk hanyoyi ne na cewa "a'a" ba tare da an tsinka wa mutum fuska ba.

3.3 Karɓar Zance

Mai sauraro a Hausa ba ya zama shiru. Yana rakiyar mai magana da "to", "haka ne", "na'am", "ƙwarai", "ashe?", "kai!" Idan ya daina, mai magana zai tsaya ya ce "Kana ji na kuwa?" Sacks da Schegloff da Jefferson (1974) sun nuna cewa karɓa-karɓar zance tana da tsari, kuma binciken Stivers da abokan aikinta (2009) a kan harsuna goma ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a matsakaici kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce. Ma'anar wannan ga mai koyo ita ce ba shi da lokacin tsara jumla daga tushe. Dole amsoshin su zauna a bakinsa a shirye.

3.4 Kalma Ɗaya, Gida Biyu

Da yake Hausa ta shiga yankin ta masallaci da majami'a duka, wasu kalmomi sun rabu gida biyu. "Sujada" ga Musulmi ita ce sa goshi a ƙasa a cikin salla, ga Kirista kuwa ita ce dukkan taron ibada na ranar Lahadi. "Baiko" ga Bahaushen Kano sa rana ce ta aure, a majami'a kuwa kuɗin da ake bayarwa ne a lokacin ibada. "Almajiri" a Littafi Mai Tsarki mabiyin Yesu ne, kalma ce ta daraja, ba yaro mai yawon bara ba. Mutumin Kafancan da ya iya magana ya san ma'anonin biyu, ya kuma san wadda ake nufi daga bakin da ta fito.

Mafi nauyi daga wannan shi ne sunayen al'ummu. Kataf da Kaje da Jaba sunaye ne da suka zo daga waje suka shiga takardun mulkin mallaka. Masu su suna kiran kansu Atyap da Bajju da Ham, kuma sarakunansu na amsa Agwatyap da Agwam Bajju da Kpop Ham. Wasu ba su damu da tsohon sunan ba, musamman inda ya zauna a sunan gari ko ƙaramar hukuma, wasu kuwa suna jin sa kamar tsinke a ido. Kalmar "arna" kuwa ba ta da wurin zama a zancen mutunci ko kaɗan. A yankin da ya ga rikicin Kafancan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 da na bayan zaɓen 2011, wannan ba ƙaramin batu ba ne na salon magana. Bahaushe da kansa ya ce magana zarar bunu ce.

4.0 Yadda Yaro ke Koyo

Ochs da Schieffelin (1984) sun nuna, daga nazarinsu a Samowa da Papuwa Nugini, cewa al'ummu da yawa ba su barin yaro ya tsinci ladabin magana da kansa, suna sa masa kalmomin a baki ne yana maimaitawa. Haka abin yake a gidajenmu. Tun yaro bai iya haɗa kalma uku ba ake ce masa "Gaida Baba", "Ka ce an gode", "Ba a cewa iye, na'am ake cewa", "Da wane hannu kake karɓa?"

Amma babbar makarantar ita ce aike. Idan uwa ta ce wa ɗanta mai shekara shida "Je ka gidan Maman Ladi, ka ce ina gaishe ta, ka ce don Allah ta ara mini rariya", ta ba shi darasi mai matakai aƙalla biyar: ya nemi izinin shiga, ya gaisa, ya jira a ba shi dama, ya isar da saƙo da muryar wanda ya aiko shi ("wai in ji Mama"), ya kuma riƙo amsa ya kawo. Idan ya tsallake mataki, matar da aka aike shi wurinta tana da ikon mayar da shi ƙofa ya sake shigowa, kuma uwarsa ba za ta ji haushi ba, godiya ma za ta yi. A unguwar da maƙwabta ke da harsuna huɗu ko biyar, wannan aike da Hausa ake yin sa, don haka yaron Bajju ko na Ibo yakan ƙware a gaisuwar Hausa tun kafin ya shiga firamare. Talla na ƙara masa ciniki da raha da haƙurin jin baƙar magana, ko da yake illolinta ga karatu da tsaron yara sanannu ne, kuma ba don wannan fa'ida za a kare ta ba. Tatsuniya da kacici-kacici na koya masa jiran layi: mai ba da labari ba ya farawa sai an amsa masa, wanda ya kasa amsa kacici-kacici kuma dole ya ba da gari. Wasa tsakanin kaka da jika na koya masa cewa akwai wanda ake tsokana ba laifi, akwai wanda ba a yi wa.

Akwai wani abu da ya kamata malamai da ma'aikatan lafiya su kiyaye a nan. Littattafan horar da yara dabarun hulɗa da ake kawowa daga Ingila da Amurka, musamman waɗanda aka tsara don yara masu jinkirin magana ko wahalar cuɗanya da mutane, suna sa kallon ido cikin ido a sahun farko na alamomin ƙwarewa. A yawancin al'ummun Nijeriya kuwa yaron da ya kafe babba da ido an ce yana da tsaurin ido, wanda aka yaba shi ne mai sunkuyar da kai. Haka nan yaro ba ya fara jan babba da hira, ba ya kuma yi masa tambayoyi barkatai. Wanda ya ɗauki ma'aunin can ya auna yaron Kagoro da shi zai iya ganin larura inda tarbiyya ce kawai, ko kuma ya kasa ganin larura ta gaske domin shirun yaron ya yi kama da ladabi. Gwajin da ya fi dacewa shi ne a duba yaron a cikin tsaransa: yana amsa kira? yana karɓar wasa ya mayar? yana iya kai aike ya komo da amsa?

5.0 Yadda Babba ke Koyo

Babba yana da abin da yaro ba shi da shi, wato ya riga ya iya ladabi a harshensa. Bayarabe ya san rusuna wa babba, mutumin Atyap ya san doguwar gaisuwa, abin da suke nema shi ne kalmomin Hausa da za su ɗauki abin da suka riga suka sani. Amma yana da cikas ɗin da yaro ba shi da shi: ba mai ce masa "Koma ka sake shigowa". Ana jin kuskurensa a yi shiru, ko a yi dariya bayan ya wuce. Hausawa ma ba su taimaka ba a wannan fage. Harshen da ya kira gurɓatacciyar magana "gwaranci", ya kuma kira jumlolin karya harshe "gagara-Gwari", ya nuna tun daga kalmominsa yadda yake kallon mai koyo. Mutanen da ake nufi kuwa Gbagyi suke kiran kansu.

Inda manya suka fi koyo shi ne inda ake maimaita zance iri ɗaya kullum a cikin jama'ar da ba ta tsangwama: rumfar kasuwa, da layin 'yan acaɓa, da dillancin citta a lokacin kaka, da taron Zumuntar Mata inda matan ƙabilu da yawa ke addu'a da shawara da Hausa. Darasin da ke cikin wannan ga mai tsara azuzuwan manya shi ne a koyar da zance guda cikakke daga buɗewa zuwa sallama, a maimaita shi da muryoyi daban-daban, maimakon jerin kalmomi. Mai yi wa ƙasa hidima da aka turo daga kudu zai fi amfana da sanin yadda ake gaida mai unguwa fiye da haddace sunayen launuka.

Wurare biyu ne, a ganina, rashin iya magana ya fi tsada. Na farko ɗakin duba marasa lafiya. Amsar "Yaya jiki?" ita ce "Da sauƙi", ko da mutum na kan gargara. Ma'aikacin da ya rubuta wannan amsa a matsayin bayani ya yi kuskure, domin gaisuwa ce aka amsa masa. Sai ya sake tambaya ta wata siga: "Ina ne yake damun ki yanzu?", "Tun yaushe?" Haka kuma kunya na sa a sakaya sunayen wasu gaɓoɓi da cututtuka: "gaba", "mara", "ciwon sanyi", "bayan gida". Wanda bai san sakayar ba ba zai gane ƙorafin ba, wanda kuma ya fasa ta ya kira abu da sunansa a gaban surukai zai iya rufe bakin majinyaciyar gaba ɗaya.

Na biyu zaman makoki. A nan ne maƙwabta Musulmi da Kirista suka fi shiga gidajen juna, kuma a nan ne kowa ke tsoron furta abin da bai dace ba. Musulmi na cewa "Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa". Kirista na cewa "Ubangiji ya ta'azantar da ku". Tsakanin biyun akwai fili mai faɗi wanda kowa ke iya tsayawa a kai: "Sannu da rashi", "Yaya haƙuri?", "Allah ya ba da haƙuri". Mazauna garin da suka daɗe sun san wannan fili sarai. Sun kuma san cewa bayan waɗannan kalmomi abin da ya rage shi ne a zauna a yi shiru na ɗan lokaci, ba a cika wurin da tambayar yadda aka yi aka mutu ba.

6.0 Makaranta da Harsunan Gida

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune. A garuruwan kudancin Kaduna wannan na biyun sau da yawa Hausa yake nufi, domin aji guda na iya ƙunsar harsunan uwa biyar. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a faɗaɗa tsarin zuwa dukkan shekaru shida na firamare, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar janye shi da mayar da Ingilishi harshen koyarwa. Duk yadda manufa ta juya, yaran za su ci gaba da wasa da faɗa da sulhu da Hausa a filin makaranta, kuma Hausa na nan a matsayin darasi.

Abin da ake buƙata daga malamin Hausa a irin wannan aji shi ne ya raba ayyuka biyu. Daidaitacciyar Hausa, da ƙugiyoyinta da jinsinta, wajibi ce don rubutu da jarrabawa, kuma a koyar da ita ba sassauci. Amma idan ana darasin zance, yaron da ya ce "Mama ya ce in gaishe ka" ya cika sharuɗɗan aike duka, kuma ya kamata a fara yaba masa wannan kafin a gyara masa "ya". Cibiyoyin horar da malamai irin Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su ne wurin da ya dace a fara wannan rarrabewa, ta hanyar gajerun wasannin kwaikwayo na aike da ciniki da ba da haƙuri da ta'aziyya.

Akwai kuma ɓangaren da mai kishin Hausa ba zai so ji ba. Yaron da ya ƙware a gaisuwar Hausa a Kafancan sau da yawa yakan je ƙauye lokacin bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko bikin Tuk Ham a Kwoi, ya tsaya gaban kakarsa ya rasa yadda zai gaishe ta da harshenta, sai ya ce "Ina kwana, Kaka", ita kuma ta amsa masa da Hausa don kada ya ji kunya. An yi ƙoƙari a fannin rubutu: an fassara Sabon Alkawari zuwa Jju da Tyap, kuma Tyap ta sami shafinta na Wikipedia a 2022. Amma gaisuwar manoma a gona, da yadda amarya ke magana da uwar miji, da kalmomin ba da haƙuri a gaban dattawa, ba su cika shiga ƙamus ko fassara ba, kuma su ne ke fara ɓacewa idan harshe ya bar bakin yara. Daga cikin harsuna goma da Stivers da abokan aikinta suka auna babu na Cadi ko na Filato ko ɗaya. Ɗalibin da zai ɗauki na'urar naɗar magana, da izinin masu gida, ya zauna a tsakar gida guda a Zonkwa ko Zikpak ya naɗi gaisuwar safe ta kaka da uwa da jika, zai iya nuna mana a wane matakin gaisuwa ake sauka daga Jju ko Fantswam a hau Hausa, da kuma wanda ke fara sauyawar, babba ne ko yaro.